Daga Fada Zuwa Unguwa: Ƙoƙarin Kai Wa Talaka Kiɗan Su Mozart

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo daren Talata ko Laraba ya san taken nan da ake sakawa kafin a take leda a gasar Zakarun Turai, lokacin da 'yan wasa suka jeru kyamara tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan Ingila mai suna Tony Britten ne ya tsara shi a 1992, amma tushensa wani kiɗa ne da shahararren mai tsara kiɗa Handel ya rubuta a 1727 domin naɗin Sarki George na Biyu, kuma tun daga lokacin ba a naɗa sarki ko sarauniyar Ingila ba tare da an yi shi ba. Haka ma ƙarar wayar Nokia da ta cika kasuwanninmu a shekarun baya, an yanko ta ne daga wani kiɗan jita da Francisco Tárrega, ɗan ƙasar Sifen, ya rubuta a 1902. Ke nan kunnen ɗan Kano da na ɗan Maraɗi sun daɗe da sabawa da wannan kiɗa na Turawa da ake kira kilasika, kuma ba su ƙi shi ba.

To in haka ne, me ya sa in ka leƙa manyan zaurukan da ake yin sa a Landan ko New York, za ka tarar yawancin masu sauraro farare ne, masu furfura, masu abin hannu? Waɗannan birane cike suke da baƙaƙen fata da Larabawa da 'yan Asiya da 'ya'yan talakawan Turawan su kansu. Tambayar ta daɗe tana ci wa masu harkar tuwo a ƙwarya, kuma amsar da suka fi bayarwa ita ce a fitar da kiɗan daga zaure a kai wa mutane har unguwarsu: a makarantu, a majami'u, a filayen shaƙatawa, kyauta ko da kuɗi kaɗan. Wani wuri abin ya kama ƙasa, wani wuri ya tashi a tutar babu. Bambancin da ke tsakani shi ne abin dubawa.

A fara da kuɗi, domin komai a wannan harka can yake komawa. Babbar ƙungiyar makaɗa, wadda ake kira okestira, takan ƙunshi mutum 80 zuwa 100: masu goge ƙanana da manya, masu sarewa, masu busa ƙahonin tagulla, masu ganguna, sai madugu a gaba riƙe da ɗan tsinke yana ba da umarni. Kowannensu ya fara koyo tun yana yaro, ya kwashe fiye da shekara goma kafin ya isa a ba shi kujera. A 1966 wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, William Baumol da William Bowen, sun bayyana matsalar da ba ta da magani: masana'anta kullum tana samun sabon injin da zai rage mata ma'aikata, amma kiɗan da aka rubuta wa mutum huɗu shekara 200 da suka wuce, yau ma mutum huɗu zai ci, kuma mintocin da ya ci a da su zai ci yanzu. Albashi yana hawa, aikin ba ya raguwa. Shi ya sa a Amurka kuɗin tikiti ba ya biyan ko rabin abin da manyan ƙungiyoyin ke kashewa, sai attajirai da gidauniyoyi su cike gurbin. A Jamus kuwa gwamnatocin jihohi da birane ke ɗaukar mafi yawan nauyin. Don haka duk inda ka ga an ce taron kiɗa kyauta ne, akwai wanda ya biya, kuma wanda ya biya yakan sa baki a kan inda za a je da abin da za a kaɗa.

Tun asali ma haka kiɗan ya taso. Joseph Haydn, wanda ake ɗauka uba a wannan fanni, makaɗin fada ne kamar yadda muka san makaɗan fada a ƙasar Hausa. Daga 1761 ya yi kusan shekara 30 yana yi wa gidan sarautar Esterházy bauta, yana sanye da kayan barorin gidan, kuma yarjejeniyarsa ta tanadi kullum ya je ya tsaya ya ji ko mai gida yana bukatar kiɗa. Sai dai namu makaɗan fadan a ƙofar fada suke kiɗansu, talaka yana tsaye yana ji, mata suna guɗa, mai hali yana liƙi. Nasu kuwa da ya bar fada sai ya shige zaure mai ƙofa da mai gadi da tikiti.

Yunƙuri mafi shahara na buɗe wannan ƙofa a Landan aka yi shi. A watan Agustan 1895 manajan zauren Queen's Hall, Robert Newman, ya ɗauko wani matashin madugu ɗan shekara 26 mai suna Henry Wood, suka fara taron kiɗa na kowane dare. An kwashe kujerun tsakiyar zaure, mai sule ɗaya ya shiga ya tsaya, yana iya zagayawa, ya ci, ya sha, har taba an yarda ya busa, iyaka an roƙi mutane kada su ƙyasta ashana lokacin da mawaƙi ke rerawa. Dabarar Newman ita ce a fara da kiɗa mai sauƙin shiga kunne, a riƙa ɗaga shi sannu a hankali har jama'a su saba da mai nauyi. BBC ta karɓi ragamar shirin a 1927. Da bam ɗin Jamus ya rushe zauren a 1941, aka koma Royal Albert Hall, kuma har yau kowace bazara ana yin wajen mako takwas ana wannan biki da ake kira Proms, mai son tsayuwa yana samun tikiti da fam 8 a 'yan shekarun nan, alhali a gabansa ƙungiyoyin da suka fi kowa a duniya ne ke wasa.

Wannan babban aiki ne, kuma ban yarda da masu raina shi ba. Amma shekara fiye da 120 sun nuna iyakarsa. Tikiti mai araha yana amfanar wanda dama yana son zuwa kuɗi ne ya hana shi. Wanda bai taɓa jin cewa wurin nasa ba ne, ko kyauta ka ba shi ba zai taka ba.

Me ke sa mutum ya ji wuri ba nasa ba ne? Tsoron jin kunya. A zauren kilasika akwai dokokin da ba a rubuta ba, kuma ba wanda zai gaya maka su a bakin ƙofa. Babban kiɗa yakan zo kashi uku ko huɗu, da ɗan shiru a tsakani, kuma al'adar yau ta ce kada a tafa sai an kai ƙarshen duka. Baƙon da kashin farko ya ratsa shi ya tafa da zuciya ɗaya, sai ya ga kawuna sun juyo ana harararsa. Wannan mutumin ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa 'yan'uwansa. Abin takaicin shi ne dokar ba ta da tushe a wurin waɗanda suka rubuta kiɗan. A 1778 Mozart, ɗaya daga cikin manyan masu tsara wannan kiɗa, ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa daga Paris yana murna cewa jama'a sun ɓarke da tafi ana tsakiyar kaɗa sabon kiɗansa. Ya ce ya san wannan gaɓar za ta burge su, shi ya sa ya sake maimaita ta a ƙarshe. Shirun nan mai kama da na wurin ibada a ƙarni na 19 ya fara shigowa, ya kafu a farkon na 20. Shiru yana da amfaninsa, domin akwai wuraren da goge ke yin ƙasa-ƙasa har sai ka kasa kunne sosai. Amma in an mayar da shi ma'aunin gane ɗan gida da baƙo, ya zama katanga. Shi ya sa tarukan unguwa masu kyau sukan fara da madugu ya juyo ya fuskanci jama'a, ya gaishe su, ya faɗi abin da za su ji da tsawonsa, ya ce wanda ya ji daɗi ya tafa, mai goyo kuma ta zauna da ɗanta.

Wani zai ce to a bar zauren gaba ɗaya mana, a kai kiɗan kan titi. An gwada. A watan Janairun 2007 jaridar Washington Post ta shirya da Joshua Bell, ɗaya daga cikin manyan masu gogen duniya, ya sa hular hana-salla ya tsaya a bakin wata tashar jirgin ƙasa a Washington da sassafe, da gogensa na miliyoyin daloli da aka ƙera a 1713. Ya yi wajen minti 45 yana kaɗawa. Mutum fiye da 1,000 suka wuce, bakwai kacal suka tsaya sauraro, abin da aka jefa masa bai wuce dala 32 da 'yan canji ba. Mutane da yawa sun ɗauki labarin a matsayin hujjar cewa jama'a ba su san abu mai kyau ba. Ni ban ga haka ba. Ma'aikaci da ke sauri kada ya makara, ba wanda ya gayyace shi, ba wurin zama, bai san wanda ke kiɗan ba, me zai tsayar da shi? Kai wa mutum abu daban, gayyatarsa daban.

Birnin da ya fi nuna wannan lamari da dukan sarƙaƙiyarsa shi ne Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka. A 1950 mutanen birnin sun kai kusan miliyan 1 da dubu 850. A ƙidayar 2010 sun dawo wajen dubu 714. Farare masu hali sun kwashe sun koma garuruwan kewaye, aka bar birnin da baƙaƙen fata, waɗanda a lokacin suka haura kashi 80 cikin 100. Zauren okestirar birnin, wanda aka gina a 1919, yana nan a kan titin Woodward a tsakiyar gari, amma masu sayen tikitinsa sun yi nisa da shi. Bashi ya yi wa ƙungiyar katutu. A watan Oktoban 2010 makaɗan suka shiga yajin aiki, aka yi wata shida ba a ji ɗuriyarsu a zauren ba, daga ƙarshe suka koma a watan Afrilun 2011 bayan an zabtare musu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashi.

Wuya ce ta sa suka sake tunani. Suka fara watsa wasanninsu kai tsaye ta intanet kyauta. Suka fito da kati mai arha na ɗalibai wanda ke ba su damar shiga duk shekara. Sannan a kakar da ta biyo baya suka ɓullo da jerin tarukan unguwa: maimakon su jira mutane, sai su loda kaya su tafi, yau a coci, gobe a wurin ibadar Yahudawa a Southfield, jibi a ɗakin taro na Dearborn, garin da fiye da rabin mazaunansa 'yan asalin ƙasashen Larabawa da maƙwabtansu ne. Kuma ba zuwa ɗaya suke yi su ɓace ba. Sukan koma wuri guda sau da yawa a shekara, har mutanen wurin su san fuskokin makaɗan, su tsaya su gaisa bayan an tashi. A ganina wannan komawar ita ce sirrin abin, fiye da arahar tikitin.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Unguwannin da aka fara zuwa, yawancinsu na bayan gari ne, inda tsofaffin masu sayen tikiti suka koma. Wato an bi tsohon abokin ciniki har gida, abin da ya taimaka wa asusun ƙungiyar ƙwarai, amma yaron da ke zaune tafiyar minti goma daga zauren a cikin Detroit bai ga canji ba. Ko da ya shiga ma, wa zai gani a kan dandamali? Wani rahoto da haɗaɗɗiyar ƙungiyar okestirorin Amurka ta fitar a 2016 ya nuna baƙaƙen fata ba su kai kashi 2 cikin 100 na makaɗansu ba. Tun shekarun 1970 aka fara jarraba masu neman aiki a bayan labule don kada alƙalai su ga fuskarsu, kuma mata sun ƙaru sosai a ƙungiyoyin tun daga nan. Baƙaƙe ba su ƙaru haka ba, domin tun kafin a kai ga labulen an riga an tankaɗe su: yaron da bai samu goge da malami yana ɗan shekara shida ko bakwai ba, da wuya ya kamo wanda ya samu. Ƙungiyar ta Detroit tana da taron shekara-shekara tun 1978 na karrama baƙaƙen da suka rubuta irin wannan kiɗa, amma dare ɗaya a shekara ba ya raino makaɗi. Sai a 2019 ta sanar da wani shiri mai suna Detroit Harmony, da burin duk ɗalibin birnin da ke son koyon kiɗa ya samu abin kaɗawa da mai koya masa, har da samar wa 'yan gari aikin koyarwa da na gyaran kayan kiɗa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma sai da aka kwashe shekaru kafin a gane haka.

Batun abin da ake kaɗawa ma yana da nasa nauyi. Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne mahaifiyarta 'yar Ireland, ta kafa ƙungiyar Chineke! a Landan a 2015, mafi yawan makaɗanta baƙaƙe da 'yan sauran ƙananan ƙabilu. Suna kaɗa ayyukan manyan masu tsara kiɗa na Turai irin su Beethoven, amma suna tono ayyukan waɗanda aka manta, irin su Samuel Coleridge-Taylor, wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, da Florence Price, baƙar mace ta farko da wata babbar okestirar Amurka ta kaɗa babban kiɗanta, a Chicago a 1933. Mu ma nan gida muna da Fela Sowande, wanda tun shekarun 1940 ya ɗauki karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya rubuta wa gogen Turawa.

Yanzu a tsallaka Kinshasa, babban birnin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, inda labarin ya juya gaba ɗaya, domin can ba wanda ya kai wa kowa komai. Birni ne na rumba, kiɗan da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2021, kuma ba wanda ya zaci akwai gurbin Beethoven a cikinsa. A 1994 wani matuƙin jirgin sama da ya rasa aikinsa, Armand Diangienda, ya tara 'yan tsirarun matasa daga cocinsu ya ce za su kafa okestira. Shi jika ne ga Simon Kimbangu, malamin addinin da Turawan Beljiyam suka tsare shekara 30 har ya rasu a kurkuku a 1951. Diangienda bai yi makarantar kiɗa ba, da kansa ya koya. Gogen da suke da su ba su kai yawan masu koyo ba, sai ana karɓa-karɓa, wannan ya yi ɗan lokaci ya miƙa wa na baya. In tsirkiya ta tsinke, sai a zaro wayar birkin keke a ɗaura. Da suka bukaci babban gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa, sai suka wargaza wanda ke hannunsu, suka auna, suka sayo katako a kasuwa suka ƙera nasu.

Su wane ne makaɗan? Mai sayar da abinci a kasuwa, tela, mai aski, ɗalibi, mai gyaran lantarki. Wannan na ƙarshen, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar bita, yakan ajiye gogensa ya je ya tayar da janareta ya dawo ya zauna. Suna taruwa da yamma a unguwar Ngiri-Ngiri bayan kowa ya gama neman abin sakawa a bakin salati, wasu da ƙafa suke zuwa daga nesa, kuma ba albashi. Mawaƙansu, masu jin Lingala da Faransanci, haka suka zauna suna haddace baitocin Jamusanci kalma-kalma don su rera babban kiɗan Beethoven na tara. Wani fim ɗin gaskiya da Jamusawa biyu suka fitar a 2010 ya nuna su suna yin sa a fili a gaban dubban mutane. Ƙungiyar ta kai wajen mutum 200 in an haɗa da mawaƙa, a 2013 wata tsohuwar ƙungiyar masu kiɗa ta Landan, Royal Philharmonic Society, ta karrama Diangienda, a 2014 kuma suka je Birtaniya suka yi wasa.

Abin lura shi ne taron da ya cika wancan fili bai zo don sunan Beethoven ba. Uwa ta zo ganin 'yarta, maƙwabci ya zo ganin telan da ke masa ɗinki, 'yan coci sun zo ganin 'yan'uwansu. Duk tambayoyin da ke hana manajojin Landan da Detroit barci, ta yaya za a jawo su, ta yaya za a cire musu tsoro, a Kinshasa ba su taso ba, domin mai kiɗan da mai sauraron gida ɗaya suka fito.

Kada dai a ɗauka koya wa yaran unguwa kiɗa ya warware komai. Venezuela ce ta fi kowa nisa a wannan hanya. A 1975 José Antonio Abreu, masanin tattalin arziki kuma makaɗi, ya fara da matasa 11 a wani wurin ajiye motoci a Caracas. Shirin, wanda ake kira El Sistema, ya bazu ko'ina a ƙasar da kuɗin man fetur na gwamnati, ya haifar da Gustavo Dudamel, wanda ya zama madugun okestirar Los Angeles a 2009, kuma a 2021 makaɗa 8,573 suka yi wasa tare a Caracas har suka shiga kundin Guinness. Ƙasashe da dama sun kwaikwaye shi bisa imanin cewa yana tsamo 'ya'yan talakawa. Amma wani bincike da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya ɗauki nauyi a kan yara kusan 3,000 ya gano cewa wajen kashi 17 cikin 100 ne kawai na yaran suka fito daga gidajen matalauta, alhali talauci a jihohin da aka duba ya haura kashi 46. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san gidan talaka: bita kusan kullum tana bukatar kuɗin mota, da iyayen da za su iya haƙura da aiken yaro ko tallansa. Binciken ya ga alamar natsuwa da gyaruwar hali a wasu yaran, musamman maza da suka taso cikin tashin hankali, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai waɗanda aka ce don su aka yi shirin, su ne suka fi ƙaranci a ciki.

Ga kuma farashin dogaro da mai biya guda ɗaya. A 2017, bayan an harbe wani matashin mai goge ɗan shekara 18 na shirin a wata zanga-zanga, Dudamel ya fito ya soki gwamnatin shugaban ƙasar na lokacin, Nicolás Maduro. Cikin 'yan watanni aka soke tafiye-tafiyen da zai jagoranci ƙungiyoyin ƙasar zuwa Amurka da Asiya. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, makaɗa da malamai da yawa suka yi hijira. A Detroit, jerin tarukan unguwa yana ɗauke da sunan attajirin da gidauniyarsa ta zuba kuɗi, kuma zai ci gaba muddin masu bayarwa ba su gaji ba. A Kinshasa babu gwamnati ko attajirin da zai janye hannu, amma nauyin yana kan waɗanda suka fi kowa rashin ƙarfin ɗaukarsa: mai abinci da tela da mai aski, da aljihunsu da ƙafarsu da lokacin hutunsu suke biyan kuɗin kowane taro da maƙwabtansu ke zuwa saurara kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.